Yaya Rabi da Kwamfutocin da Aka Kulle a Kabad

A damunar bana Yaya Rabi ta cika shekara bakwai da rasuwa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ita ce babba, kuma malama ce a wata makarantar unguwa a nan Dutse Alhaji, inda ta koyar har Allah Ya karɓi ranta bayan gajeriyar jinya. Ta bar 'ya ɗaya, Bilkisu, wadda mahaifinta ya damƙa mini riƙonta tun tana aji huɗu na firamare. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan dafa abinci in raba wa maƙwabta, in yi mata addu'a, shi ke nan. Ban taɓa tunanin rubuta wani abu a kanta ba. Abin da ya sa na ɗauki biro bana shi ne wani taron iyayen yara da aka yi a makarantar tasu, wanda na zauna a cikinsa ina jin kamar tana gefena.

Sai na fara da kwanukanta, don wanda bai san wannan ba bai san Yaya ba. Kowace mace a danginmu tana da kayan tangaran da aka jera mata ranar aure, suna nan a kabad mai gilashi, ana goge su, ba a ci a cikinsu sai an yi baƙo na ji da gani. Nawa har yau cif suke. Ita kuwa Yaya tun satin farko ta sauko da nata. A ciki take zuba wa mai gidanta tuwo, a ciki take ba almajiran karatunta na yamma shinkafa, har mai kawo mata nono daga rugar bayan dutse ta sha ruwa a kofinta mai bakin zinariya. Goggonmu ta yi faɗa har ta gaji. Amsar Yaya guda ce, tana dariya: ita ba ta ga an rubuta sunan baƙo a gindin farantin ba.

A shekarunta na ƙarshe wani bawan Allah da ya taɓa zama a unguwar ya kawo wa makarantarsu kyautar laftof, irin kwamfutar nan da ake buɗewa kamar littafi. An yi murna, an yi addu'a. Hedimastan lokacin, dattijo ne mai amana da tsoron a ce ya yi sakaci, ya sa aka jera su a kabad ɗin ƙarfe cikin ofishinsa, ko ledar jikinsu ba a ɓare ba, aka lulluɓe da leshi saboda ƙura. Idan manyan baƙi za su zo sai a fito da su, a zaunar da yara masu tsabtar kaya a gabansu, a gargaɗe su kada su taɓa, a ɗauki hoto, a mayar.

Yaya ce ke koyar da darasin kwamfuta. Da alli take zana ta a allo. Ta zana madannai, ta zana ɗan abin nan da ake ja da hannu, wanda ake kira maus, har da wutsiyarsa. Yara su haddace sunayen, su ci jarrabawa da maki mai kyau, alhali babu wanda ya san yadda ake kunna ta. Takan biyo ta gidana da yamma, hijabinta duk farin alli, ta zauna ina tsinke alayyahu tana ba ni labari. Ta ce ta roƙi makullin, Hedimasta ya ce yaran nan da ko benci ba ya shekara a hannunsu, sati ɗaya za su mayar da kayan tarkace. Na tambaye ta me ta ce masa.

"Cewa na yi, ranka ya daɗe, to wa aka kawo wa? Mu ko kabad?"

Bai ba ta ba. Ta sake roƙo a zango na gaba, ya ce sai an gina ɗaki na musamman. Ba ta yi masa rashin kunya ba, ba halinta ba ne, kuma ba ta daina tambaya ba. Tana cikin tambayar ciwo ya kwantar da ita. Bayan rasuwarta da kusan shekara biyu aka yi sabuwar shugaba, ta sa aka buɗe kabad ɗin. Batiran sun kumbura, kyankyasai sun yi gida a ciki, mai gyara ya duba ya ce babu wadda za ta tashi. Ba yaron da ya fasa ko ɗaya. Da ledarsu suka mutu.

Yanzu Bilkisu tana ajin ƙarshe na sakandaren wannan makarantar, kuma jarrabawar shiga jami'a tana gabanta, wadda kowa ya san a kwamfuta ake yin ta. Da zangon ya kama, makaranta ta kira iyaye a zaɓi abin da za a saya wa azuzuwa: laftof, ko tablet, wato mai kama da babbar waya, wadda ake shafa fuskarta da yatsa. Ni da farko tablet na so. Dalilina ba mai zurfi ba ne: ita na iya. Na ga jikokin maƙwabciyata suna karatun Ƙur'ani a cikinta, ba nauyi, cajinta yana jimawa, kuma a unguwarmu da wuta ke zuwa yadda ta ga dama wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na ce a raina ai kamar allo ce, yaro ya ɗora a cinya ya karanta.

Abin da ya sauya mini ra'ayi ya faru ne a wani shagon buga takardu da muka je da Bilkisu. Mai shagon ya tashi amsa waya, ya ce ta ja shafin ƙasa ta duba ko sunanta ya fito daidai. Sai ta miƙa yatsa ta shafi gilashin laftof ɗin. Bai motsa ba, ta sake shafawa da ƙarfi. Wasu samari da ke jira suka yi dariya, ɗaya ya ce, "Hajiya, ba waya ba ce fa." Muka gama, muka koma gida. Muna shiga ta ce, "Anti, idan na san amsar amma ban san yadda zan danna ta ba fa?" Yarinyar nan ba ta taɓa faɗuwa jarrabawa ba, kuma 'yar malamar kwamfuta ce. Na ce mata in sha Allahu za ta iya.

Daga ranar na riƙa tambayar kaina, da Yaya tana raye wanne za ta zaɓa? Gaskiya ban sani ba, kuma ba zan sa mata magana a baki tana kabari ba. A zamaninta tablet ba ta yawaita a hannun mutane irinmu ba. Ina jin da ta so ta ga ƙananan yara, masu koyon baƙi da wasali, don ta sha cewa yaro da hannu yake fara fahimta. Ina kuma jin da ta ga 'yarta tana shafa gilashin da ba ya amsawa, da ta ce manya a ba su mai madannai, su saba da buga rubutu da yatsu goma, su saba da maus, tunda shi za su tarar a ɗakin jarrabawa da kuma ofis. Shafa gilashi kam sun iya tun a wayoyinmu, ba sai an kai su makaranta ba.

Ranar taron aka cika aji guda, maza gaba, mu mata a baya. An yi bayani mai ma'ana ta kowane ɓangare. Masu son tablet suka ce teburan yaran ƙanana ne, laftof za ta cinye wurin littafi, ga shi kullum tana neman caji. Masu son laftof suka ce tablet da zarar ta faɗi gilashinta ya tafi, tana shiga jaka ba a gani ba, kuma yara za su ɗauke ta waya ce su koma kallon bidiyo. Wani malami ya ce rubutu mai tsawo a tablet wahala ne. Wata uwa ta ce ɗanta mai raunin gani ya fi jin daɗin abin da zai iya kawowa kusa da fuskarsa. Duk na ji, duk gaskiya ne. Amma na lura ko'ina maganar ta bi sai ta dawo wuri guda: wanne ne yara ba za su lalata ba. Can sai shugaban ƙungiyar iyaye, wani Alhaji mai son a yi abu da tsari, ya kwantar wa kowa hankali. Ya ce ko wanne aka zaɓa kada a damu, ya riga ya yi magana da wani mai walda a Gwarinpa, za a ƙera kabad mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya a ofis, ɗaya a wurinsa.

Ni ba mai magana a taro ba ce. Ko a walimar gida nakan fi son wajen murhu. Amma Maman Tobi, maƙwabciyata Bayerabiya wadda Yaya ta koyar da 'ya'yanta biyu, ta dungure ni da gwiwar hannu ta ce, "Maman Sadik, kai ka san labarin kabad nan. Tashi ka faɗa, ko ni zan faɗa da Hausa na, kowa ya sha wahala." Na miƙe.

Ban yi dogon jawabi ba. Na ce ni ƙanwar marigayiya Malama Rabi ce, sai na ji an yi ta cewa Allah Ya jiƙanta. Na ba da labarin kwamfutocin farko kamar yadda na ba ku, ban kama sunan kowa ba, don dattijon nan da nufin alheri ya yi. Na ce ni laftof na zaɓa saboda 'yan ajin ƙarshe, amma idan tablet ta yi rinjaye ba zan ji haushi ba. Sannan na ce, "Alhaji, a yi haƙuri. Kabad ya taɓa cinye mana su sau ɗaya. Idan za su lalace, don Allah su lalace a hannun yara."

Alhaji ya ce amma ai akwai ɓarayi, Hajiya. Na ce gaskiya ne, a kulle da daddare, da safe a buɗe, makullin ya zauna wurin malamar aji, ba wurin wanda sai an buga masa waya yana Mararaba ba. Aka yi dariya, shi ma ya yi, don kowa ya san can shagonsa yake. Da aka ɗaga hannu laftof ta yi rinjaye ga manyan azuzuwa, aka ce ƙanana sai wata shekara a duba musu tablet. Ba maganata ce ta kawo hakan ba, dama can masu son ta sun fi yawa. Abin da na samu shi ne batun makulli, kuma shi na je nema ashe.

An ƙera kabad ɗin, kwaɗo ɗaya. Yara uku ke raba kwamfuta guda, wani lokaci wuta ta ɗauke ana tsakiyar darasi, kuma Bilkisu ba ta yi jarrabawar ba tukuna, sakamakonta yana wurin Allah. Amma yanzu idan ta zauna cin abinci sai in ga yatsunta suna ta bugun gefen tire ba ta ma sani ba.

Da aka zo rabon kayan Yaya, mata sun yi ta mamakin yadda malama guda ta tafi ba ta bar saiti ko ɗaya cikakke ba. Ni na ɗauki 'yan farantan da suka rage, duk bakinsu a ɓalgace. Ba ta bar gida ba, ba ta bar fili ba. Ta bar mutane da yawa a unguwar nan da suka ci a farantin amarya, ta bar 'ya mai son karatu, ta kuma bar tambaya guda da ta yi ta yi ba a amsa mata ba sai da ƙasa ta rufe ta.

Makon jiya Bilkisu ta dawo makaranta fuskarta ba walwala. Ta ce wani harafi ya ɓalle daga madannan kwamfutar da suke rabawa, don yawan bugu, kuma tana tsoron kada a ce an gani, a mayar da su kabad. Na tambaye ta me malamarsu ta yi. Ta ce ta tsince shi ta sa a aljihu, ta ce a ci gaba da aiki, mai gyara zai zo ran Asabar. Na ce alhamdulillahi. Ta dube ni kamar ban ji abin da ta faɗa ba. Na zuba mata abinci a farantin uwarta, na ce ta ci kafin ya huce.

Allah Ya jiƙan Yaya Rabi, Ya haskaka makwancinta, Ya sa kowane harafi da yaran nan suka buga ya zama cikin mizaninta.