Tudun da Ya Cinye Gonar Ɗanmaliki

A Ƙofa, idan baƙo ya tambayi wanda ya ceci tudun kaburburan mutanen da, Ɗanmaliki ake nuna masa. Shi kuwa ba ya musawa, sai dai ya kau da kai.

Tudun yana tsakanin gonarsa da ta ƙanensa Ayuba, gadon ubansu. Tun ranar rabo Ɗanmaliki yake ganin an ba yaron gefen da ya fi laka. Da Ayuba ya fara haƙar jar ƙasar tudun yana buga tubali, yana sayarwa, har ya yi rufin kwano, abin ya tsaya wa yayan a maƙogwaro. Sai ga shi wata rana digar Ayuba ta fasa tukunya, ga duwatsun wuya, ga ƙasusuwa.

Ayuba ya roƙe shi su mayar su rufe, kowa ya yi shiru. Ɗanmaliki ya ce to. Washegari ya hau babur, ya kai wa hukuma rahoto.

Masu kula da kayan tarihi suka zo, suka yaba masa, suka ɗauke shi hoto. Da suka gama awo, sai babbansu ya ce kaburburan ba gefen Ayuba suka nufa ba, gabas suka miƙa. Gabas kuwa gonar Ɗanmaliki ce, kaf ɗinta. Aka kafa turaku, aka ja waya, aka ce garma ba za ta sake shiga ba. Ayuba ya rasa ramin tubali kawai, ya ci gaba da noma geronsa.

Lailatu, matar Ɗanmaliki, ce kaɗai ke faɗa masa a fuska. “Malam, kai da tarihi? Ranar auren namu ma ba ka riƙe ba.”

Yanzu ƙwadago yake yi a gonakin mutane, da furfurarsa. Wayar ta yi tsatsa, awaki na ratsawa, masu awon ba su sake waiwayo ba. Bana ya yi ta maza ya zuba dawa a ciki. Ta kai gwiwa, dagaci ya kira shi, ya ce shi ba zai ɗauki laifin kowa ba, a tuge.

“Ranka ya daɗe, ba wanda ke zuwa hwa.”

“Kai ma da ba wanda ya aike ka.”

Da hannunsa ya tuge ta. Ayuba yana banƙasa a tasa gonar, bai ɗago ba. Da yamma ya aiko masa da tiyar gero, Lailatu ta karɓa, ta daka.