Kofunan Mama a Turmi

Ina tsakar gida a Funtua ina ɓare masara ƙanwata ta kira ni daga ƙauyenmu na bayan Dayi. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba.

"Yaya, Kawu ya fasa kofunan Mama. A turmi ya zuba su."

Lokacin ko ƙasar kabarin Mama ba ta gama kwanciya ba.

Kofunan shayi ne na tangaram, tsofaffi, 'yan Ingila, kowanne da ɗan farantinsa. A cikinsu an zana wata da taurari, zobe, jirgin ruwa, maciji, wani ma har da katin caca. Na farkon Mama daga mahaifinta ta same shi, wanda ya yi wa wata Baturiya kuku a Funtua zamanin da auduga ke tashe. Sauran a wurin 'yan gwanjo ta tsinto su, akan yi shekaru ba a dace da ko ɗaya ba. Akwai wani Alhaji mai gwanjo da in ya kwance kwali ya ga irinsu sai ya ɓoye mata. Shi ya gaya mata cewa duba Turawa ke yi da su: a sha shayi, a kife kofin a kan faranti, zanen da ganye ya maƙale a kansa shi ne labarin mutum.

Ranar Mama ta yi dariya har da hawaye. "Ashe su ma da bokayensu! Su da suka hana kakanninmu watsa wuri don duba!"

Iyakar abin da na taɓa ji ta ce a kan duba ke nan. Ita shayinta ma na 'yar jaka ne, a kofin roba. Kofunan suna cikin kabad kusa da kwanonin aurenta, sai gab da Kirsimeti take fito da su ta wanke. Kyaunsu take so.

A zaman makoki wata mata ta leƙa kabad ta ga macijin, ta yi tambaya. Ƙanwata, da zuciya ɗaya, ta ba ta labarin kamar yadda Mama ke ba mu. Kafin a watse magana ta zama wai marigayiya tana duba a ɓoye, wai jinin maguzanci ba ya barin mutum.

Washegarin kiran na hau mota. Na tarar da Kawu, yayan Mama, dattijo a ikilisiyarmu, zaune a gindin rumbu.

"Kawu, barka da hutawa. Me kofuna suka yi muku?"

"Sunan 'yar'uwata na wanke."

"Da dauɗa a jikinsa ne?"

"Kin zauna birni bakinki ya buɗe. Maciji a cikin kofi, ado ne?"

"Akwai zaki a jikin bargonku, Kawu. Wa ya taɓa ci?"

"Tashi ki ba ni wuri, marar kunya."

Na tashi. Ban gaya masa abin da ke cina ba. Kafin ya ɗauki taɓarya, maganar raɗa ce ta mutum biyu uku. Da unguwa ta ji ƙarar dakan, kowa ya ce ai tunda ɗan'uwanta da kansa ya fasa, akwai abin da ya sani. Mama fa, matar da ta tsufa tana ba da waƙa a zumuntar mata ta coci, wadda babu gidan da aka yi haihuwa ko rashi ba ta kai itace da gari ba. Cikin duk waɗanda suka ci tuwonta ba a samu wanda ya miƙe ya ce ƙarya ne ba.

'Yan zumunta sun riga sun shirya yi mata sujadar tunawa, wato taron addu'a a coci, har an fara koyon waƙoƙi. Sai aka ce a dakata tukuna, dattawan ikilisiya za su zauna. Na je wurin Baba Fasto na faɗa masa duk abin da na sani. Ya saurare ni da kyau, ya ce shi bai yarda da zancen ba, amma in yi haƙuri ƙura ta lafa.

An girbe masara, an girbe dawa. Dattawa ba su zauna ba, kuma har yau ba a sa ranar sujadar Mama ba.