Ƙwanƙwasar Alhaji Sumaila

Shekara bakwai ke nan da muka kai aminina Alhaji Sumaila makwancinsa a nan Greensboro, Allah ya ji ƙansa. Duk shekara idan watan ya zagayo jikina kan yi sanyi, amma bana ga ni da farin gemuna ina yawo a titin Wendover, gilashin mota a sauke, kiɗan jita na kururuwa a rediyo, direbobi na leƙena. Ɗansa Nasiru ne da abokansa suka fitar da albam ɗinsu na farko, kuma tun da na ji shi na kasa zama wuri ɗaya.

Kiɗan rok ne, irin mai zafin nan da suke kira pank. A wani gareji a Glenwood suka naɗe shi. Waƙoƙin gajeru ne, da gudu kamar an biyo su, mai rerawar kuwa ihu yake zubawa, ko rabin maganarsa ban kama ba. Nasiru ne a kan ganguna, kuma yaron nan, wallahi, hannu gare shi.

Sai dai mahaifiyarsa, Hajiya Rakiya, ta ƙi saurara. Ta ce ɗan ladan guda ya rasa abin yi sai zubar da mutuncin ubansa, har ta daina ɗaukar wayarsa. Nasiru ya same ni ido jawur, ya ce in ba ta sa albarka ba zai ajiye sandunan har abada. Na san zai aikata, domin ubansa ya taɓa yin haka.

Mutanen masallacinmu ladan suka sani. Ni kuwa na san Sumaila tun zangon Kumasi, da kalangu a hammata, yana yi wa mahauta kiɗa. Da ya nemi Rakiya, iyayenta suka ce ba sa ba makaɗi 'ya, ya jingine kalangun bai sake taɓa shi ba. Yatsun ne suka ƙi tuba. Sitiyari, kwalayen sito inda muke aiki, bakin faranti, babu wanda ya tsira. Tun yana nemanta ya yi mata take, ɗan kiɗan nan da makaɗi kan keɓe wa mutum ɗaya, wanda in ya tashi kowa ya san da wa ake. Shi yake ƙwanƙwasawa a ƙofar gidansa duk sanda ya dawo aiki, alhali makulli na aljihunsa.

Da wannan taken albam ɗin ya buɗe. Ganga ita kaɗai, kafin jita ta faɗo. Na tambayi Nasiru inda ya samo shi, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai knocking ɗin Daddy ne, Baba." Bai ma san na uwarsa ne ba.

Ranar da Hajiya ta ce in kai ta sayayyar sadakar zagayowar rasuwar, na bari har ta zauna a mota ta gyara mayafi, sannan na kunna albam ɗin. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, ganga ta riga ta. Sai na ga ta waiwaya ta dubi ƙofar motar, kamar mai jiran a shigo.

Da Sumaila na raye me zai ce? Zai toshe kunne, ya ce wannan hayaniya ce, ya ce yaron na gaggawa, ba ya barin kiɗan ya numfasa. Sannan ka duba ƙasan tebur ka ga ƙafarsa tana bi. Na san mutumina.

An sami wani ladan, wurinsa a sito ma tuni aka cike shi. Amma abin da ya ajiye saboda Rakiya bai mutu ba, ya bi ta jikin ƙofa ya shiga hannun ɗansu, yau ga 'yan jami'a na tsalle a kan takenta ba su sani ba.

Waƙar ta ƙare, na kai hannu zan kashe. Hajiya ta share ido da bakin mayafi, ta riƙe hannun rigata.

"Malam, mayar da shi farko," in ji ta. "Ka ƙara sauti. Sannan ka kira mini yaron nan."