Yadda Ragon Suna Ya Zaga Gari Uku

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Tsafe, ni da kawuna. Washegari sunan ɗana na fari, kuma ko igiyar rago ban mallaka ba. A tashar Gusau kawu ya tambaye ni ina kuɗin. Na ɗaga waya na ce, "Haba Kawu, yawo da takardun kuɗi ai na mutanen da ne." Ya gyara zaman hularsa.

Hanya ba laifi, sai ramukan da direba ya sani kamar 'ya'yan cikinsa. A Tsafe muka karya da waina mai zafi. Mai wainar ta ce ita ba ta san wani taransifa ba, kawu ya biya.

A kara, wurin dabbobi, na ga wani rago fari mai baƙin kunne. Mai shi, wani dattijo daga Bilbis, ya sallama a dubu ɗari da talatin, ya ciro lambar asusu daga cikin hula. Na tura, kuɗi suka fita nan take. Na miƙa hannu in karɓi igiya, don a kara sai igiya ta shiga hannunka sannan dabba ta zama taka. Dattijo ya ja da baya.

"Ni ban ga komi ba, ɗana. Asusun na surukina na, waya na hannunai."

Kira ya ƙi shiga, babu sabis. Na cire 'yan canjina na ƙarshe wurin mai POS, ya yanki rabonsa, muka hau a-kori-kura zuwa Bilbis: ni, kawu, dattijo da rago, duk kuɗin mota a aljihuna. Muna isa aka ce suruki ya tafi ɗaurin aure Bungudu. Innalillahi! Muka juyo. Muna ratsa Gusau, ina hango unguwarmu, Inna ta kira tana tambayar rago. Na ce ga mu tare da shi. Ai ba ƙarya na yi ba.

Da la'asar muka samu surukin a Bungudu yana shan fura, waya ba caji. Muka jira ta farfaɗo, aka duba, wayam. Can sai tawa ta yi ƙara: kuɗina sun dawo, har an ɗan gutsure su. Na sake turawa, abin ya tsaya yana juyi. Dattijo ya ce shi zai koma gida da dabbarsa. Wallahi idona ya cika da ƙwalla, na hango kaina gobe ina raba wa jama'a goro babu rago.

Sai kawu ya yi gyaran murya, ya ɗaga riga, ya kwance lalita daga ƙugunsa, ya biya lakadan. Dattijo ya danƙa mini igiya.

"Kawu! Tun safe suna jikinka?"

"Na mutanen da ne, na ce kada in ba ka kunya."

Mun shiga gida kafin magariba, rago ya fi ni sanin Zamfara. An yi suna lafiya. Abin da na koyo ba yawa: na goge manhajar banki daga wayata, kuma ranar kasuwa na sayo lalita. Kawu ne ya zaɓa mini.