Gonar Kan Dutse

Jiya aka yi ruwan bazara a Utaiqa, unguwar da nake zaune a Saudiyya, ƙamshin ƙasa ya tuna mini da kawuna. A irin wannan lokaci mukan hau dutsen ƙauyenmu, yana gaba da sandarsa, yana mayar da duwatsun da suka zame daga gefen gonaki. A gona ta can sama yakan tsaya yana haki, ya ce, "Wannan taka ce, ɗana. Je ka ka dawo."

Ko a waya cewa yake, "Tana nan tana jiranka."

Sai bayan rasuwarsa ƙanwata ta gaya mini cewa ya ba surukinsa gonar a gaban shaidu, tun shekarar da na taho.

Allah ya yafe masa. Ni ma Allah ya ba ni ikon yafewa, don har yanzu ban iya ba.