Ya Fanna ta Ƙofar Baya

Kafin a buɗe babban kantin nan da mutanen Potiskum suke rububinsa saboda arahar kaya, Ya Fanna ta riga ta iso. Daga unguwar Ngojin take tahowa, wata rana a keke napep, wata rana a ƙafa. Ba ta bi ta ƙofar gilashi da masu sayayya ke bi. Zagayawa take yi ta baya, ta wuce inda manyan motoci ke sauke kaya, ta ratsa tulin kwalaye, har ta isa wani ɗan lungu tsakanin sito da banɗaki. Sai ta share wurin, ta goge wani gajeren benci, ta ɗaura igiya daga wannan ƙusa zuwa waccan, ta rataya tsohon zaninta na atamfa ya zama labule. Babu wanda ya sa ta. Daga gida ta zo da abinta.

Aikinta shi ne binciken 'yan matan da ke aiki a kantin. A lungunta suke ajiye jakunkunansu da safe, in kuma sun tashi da la'asar sai kowacce ta bi ta hannunta: a buɗe jaka, a kakkaɓe hijabi, a shafa jiki, a cire takalmi. Dokar masu kanti ce, domin a wurinsu duk ma'aikaci ɓarawo ne da ba a kama ba tukuna.

Ba don wannan aka ɗauke ta ba tun farko. A shekarun da garin nan yake cikin fargaba, lokacin da ba a shiga kasuwa ko masallaci sai an lalube mutum, kantin ya nemi macen da za ta tsaya a ƙofar gaba tana duba mata masu shiga. Mata da yawa sun ji, sun ƙi, don kowa ya san wadda ta fara taɓa mai mugun kaya ita ce farkon tafiya. Ya Fanna, da mijinta bai daɗe da rasuwa ba ya bar ta da yara a gidan haya, ita ta karɓa. Ta yi shekaru a tsaye a ƙofar nan, kullum da safe tana sallama da 'ya'yanta kamar mai shirin doguwar tafiya. Da Allah ya kawo sauƙi, masu kanti suka ce a daina takura wa masu sayayya, sai suka mayar da ita baya. Hannun da aka ɗauka don ya tsare rayuka, aka ce yanzu ya tsare sabulu da man shafawa.

Wanda ba shi da ɗa a irin wannan kanti ba zai san wanda ke biyan kuɗin arahar ba. Ni ta wajen 'yata Khalida na sani. Direban tirela ne ni kafin idona ya yi rauni in ajiye tuƙi. Ita ce babba a gidana, kuma abin da take kawowa ƙarshen wata shi ne hatsinmu. Tun safe har la'asar a tsaye suke, don babu kujera a duk faɗin kantin sai a ofis, wai zama yana kawo lalaci. Ana karɓe wayoyinsu a ƙofa. Salla sai bi da bi, a gurguje, ana duba agogo. In kwalba ta fashe ko kaya ya ɓace a layin da yarinya ke tsaro, a albashinta za a yanke, albashin da dama can ba ya kaiwa tsakiyar wata. Da baki ake ɗauka, da baki ake kora, ga wasu yaran a waje suna jiran gurbi. Wadda kuwa aka kama da kayan kanti, ko da ashana ce, sai a ɗauki hotonta a liƙa a ƙofar gaba, inda maƙwabtanta da dangin mai neman aurenta za su gani in sun zo sayen shinkafa. Khalida takan dawo ƙafafunta a kumbure, uwarta ta dafa ruwa ta gasa mata, ni kuma in fita ƙofar gida in zauna.

A irin wannan wuri ne Ya Fanna ta mayar da aikin wulaƙanci ya zama abin da ake iya jurewa. Ba ta sassauta bincike, tana yinsa tsaf, amma sai ta ja labule tukuna, da bayan hannu take shafawa, idonta a ƙasa. Takan fara da gaisuwa, ta tambayi jikin mahaifiyar yarinya da Hausar nan tata mai ɗanɗanon Barno, wadda yaran ke kwaikwayo suna dariya, ita ma ta taya su. Khalida ta ce duk lokacin da ta leƙa jakarta sai ta girgiza kai ta ce, "Ke, wannan jakar taki ko ɓera ya shiga da kuka zai fito."

Bencinta kuwa shi kaɗai ne wurin zaman ma'aikaciya a kantin. Doka ta ba ta ikon kiran kowace yarinya bincike a kowane lokaci. To sai ta riƙa leƙa cikin kanti, in ta hango wadda ta jingina da bango tana lumshe ido, ko mai ƙaramin ciki da ke ɓoye shi don kada a kore ta, sai ta ɗaure fuska ta yafito ta. In sun shige bayan labule ta zaunar da ita, ta miƙa mata gorar ruwanta, ita kuma ta tsaya tana zuge jaka tana rufewa da ƙarfi don a ji daga waje.

Akwai wata Bintu da ta yi aiki a can, yanzu tana aure a Damagum, ita ta ce in faɗi wannan. Wata rana ƙanenta ba shi da lafiya, ta soke ledar madara a ƙugunta, hannun Ya Fanna ya kai wurin. Ya Fanna ba ta yi magana da ƙarfi ba. Ta ce ta koma ta ajiye inda ta ɗauka, tana kallonta, in kuma hannunta ya sake cin karo da wani abu, da kanta za ta kai ta ofis. Washegari Bintu ta tarar da madara a jakarta, ta shagon unguwa. Ta ce da hotonta ya hau ƙofar nan, da har yau tana ɗakin uwarta.

Abin da ya sa na ɗauki biro ya faru ne gab da babbar sallar da ta wuce. Kantin ya yi garaɓasa, jama'a ta cika shi, sai kwalaben turare masu tsada suka ɓace daga layin da Khalida da wasu 'yan mata ke tsaro. Manajan sabo ne, matashi, an turo shi daga wani gari, kuma an ce shi ma daga sama ake matsa masa. Da la'asar ya sa aka kulle ƙofar baya, ya tara 'yan matan a sito, inda masu dako ke ta sauke buhuna. Ya ce shi ya daina yarda da abin da ake yi a bayan labule. Ya fizge zanin daga igiya ya yar a ƙasa. Ya ce a nan fili za a bincike su, ƙarƙashin kyamara, a cire hijabi, a cire riga, yana tsaye yana gani. Khalida ce ta farko, tunda layinta ne.

Ya Fanna ta dubi yarinyar. Ta ga hannunta har ya kai bakin hijabinta, don yaran kantin nan an koya musu ba a musu. Ta tuna gidan haya, ta tuna bakunan da ke jiranta, ta tuna shekarunta, da ba wanda zai sake ɗaukarta wani aiki. Ta san sarai abin da zai biyo baya. Ta sunkuya ta ɗauki zanin, ta kakkaɓe, ta matsa ta shiga tsakanin yarinyar da manaja.

"Yallaɓai, zan duba su ɗaya bayan ɗaya, har tafin ƙafa. Amma a bayan labule."

Manaja ya ce mata ba shawara yake nema ba, Mama, umarni ya bayar, wadda ba za ta iya ba ga ƙofa nan.

"To a fara da ni," in ji ta. "Ni ma ma'aikaciya ce, ta ƙofar nan nake fita. Na isa haihuwarka. Ka sa a tuɓe ni a gaban mazan nan, in an gama da ni sai a zo kan 'ya'yan mutane."

Ta kama bakin mayafinta ta tsaya tana kallonsa. Waɗanda suke wurin sun ce babban masu dakon ne ya fara dire buhunsa, ya juya ya fuskanci bango. Sauran suka bi shi, kowa ya ba da baya. Ba abin da ake ji sai ƙarar janareta. Manaja ya ɗan tsaya, ya zaro waya ya duba, ya ce ta yi yadda ta saba, ya fice.

Ta mayar da zaninta kan igiya, ta duba su duka kamar yadda ta yi alkawari. Ba a samu komai ba. Har yau ba wanda ya san inda turaren ya shiga, amma an yanke kuɗinsa a albashin yaran, kuma ba wanda ya ba su haƙuri. Bayan salla aka ɗauke Ya Fanna daga lungunta aka kai ta waje cikin rana tana gadin babura. Kafin wata ya ƙare aka ce mata an ba wani kamfanin tsaro aikin, ta huta. Duk shekarun nan, har da na ƙofar gaba, ba a ba ta ko sisin sallama ba, tunda dama da baki aka ɗauke ta. 'Yan matan sun haɗa sun saya mata turmin atamfa, amma ba a bar su sun ba ta a harabar kanti ba. A bakin titi suka miƙa mata, suna kuka, ita tana korarsu su koma kada a yanke musu na makara.

Ya Fanna, ke ce kika tsaya a ƙofar gaba lokacin da kowa ke ja da baya, ke ce kuma kika tsaya a ƙofar baya ranar da babu uban kowa a wurin. Uwar 'ya'yan mutane. Da kin yi shiru ranar nan, ba wanda zai zarge ki, don kowa ya san halin da ake ciki. Da an cire wa 'yata hijabi a gaban maza, ko ba a samu komai a jikinta ba, da kafin magariba labarin ya zaga unguwarmu ta Hausari, kuma ba za a ce an bincika ba a samu ba, cewa za a yi an tuɓe ta kan sata. Ta fito da sunanta a wanke, ke kuma kika biya da abincinki.

Na je Ngojin in yi mata godiya. Na same ta a ƙofar gida tana suyar awara, hayaƙi yana shiga idonta. Na yi ta kame-kamen magana, ta katse ni, ta ce in bar wannan, Malam, ita kanta ba ta san za ta faɗa ba. Sannan ta tambaye ni wa ke duba yaran yanzu. Na ce mata matan kamfani ne, yau wannan gobe waccan, wani lokaci da namiji a tsaye gefe. Ta juya awararta.

Na gode, Ya Fanna. Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira kamar yadda kika rufa wa 'ya'yanmu, ya ba ki abin da ya fi wanda aka ƙwace. Ku kuma matan da aka ba ku wannan aiki, na san ku ma neman abinci kuke, amma yarinyar da ke gabanku tana da gida da za ta koma, ku duba ta yadda za ku so a duba taku. Ku masu dako, abin da kuka yi ranar nan bai ci muku komai ba, ku sake yi in ta kama. Mu kuma masu tura kwandon kaya muna murnar araha, mu riƙa ɗaga kai mu dubi wadda ke tsaye a bakin layi, mu gaishe ta.

Da na gama rubutun nan na kasa kai shi gidan jarida. Duk wanda ke kantin zai gane wa nake nufi, in kuwa ransu ya ɓaci, ba ni za su kora ba. Na kira Khalida na karanta mata, na ce in ta ce a yaga, yanzu zan yaga, don ita ce za ta je ta tsaya a gabansu gobe da safe, kuma ta san abin da ke cikin buhun gidanmu. Ta ɗago ta dube ni.

"Ka kai, Baba," in ji ta. "Ita ranar nan ba ta tambayi kowa ba."