Motar Baba Ta Hau Tudun Mpape, Malam Abdulbaƙi

Da hantsin ranar Talata, 12 ga Agusta, 2025, ina ofis aka bugo mini waya daga garejin Gudu, nan Abuja, cewa Allah Ya yi wa Malam Abdulbaƙi bakanike rasuwa. Lafiya ƙalau ya fito gareji, ya ce ƙirjinsa ya yi masa nauyi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Daga Allah muka fito, kuma wurinSa za mu tattara mu koma.

Malam, bayan na yi salati na share hawaye, tunanina wurin mahaifiyata Inna Maimunat ya tafi, da motar da ka bari da inji a buɗe. Na san ba za ka ga laifina ba, don kai ma saboda ita ka karɓi aikin.

Duk mako Inna tana zuwa wankin ƙoda, mu kuwa a can ƙuryar tudun Mpape muke, inda masu tasi ba sa yarda su hau. Abin da muka mallaka shi ne tsohuwar motar Baba mai kafireto, wadda ta girmi aurena. A shimfiɗaɗɗen titi ba ta da laifi, amma da ta hango tudu sai ta kama tari ta mutu. Nan zan ɗora Inna a bayan acaɓa, jikinta ba ƙarfi, ina bin su da sassarfa hannuna a bayanta. Da damina ta kankama na fara tsoron wata rana za ta zame a taɓon nan.

Ranar da na kawo maka motar, ka daɗe kana sauraron kukanta, sannan ka ce, "Nazir, jikin injin nan garau yake, ciyar da shi ne ba a iya ba." Ka ce za ka cire kafireton da ke ba injin mai, ka ɗora kan wani inji na zamani ɗan gidansu, wanda injekta ke fesa fetur kai tsaye cikin silinda, da famfo mai ƙarfi, da ƙwaƙwalwar da za ta riƙa auna man. Wasu suka yi dariya suka ce a kai ta panteka kowa ya huta. Kai dai goronka ka ɓantara ka ce a buɗe bonet.

Kowa a Gudu ya san halinka, ko fulogi za ka canza sai ka tara jama'a. Ka kira Ɗangoggo mai walda ya ƙera wa famfon mazauni. Ka kira Abraham mai wayarin ya shimfiɗa sababbin wayoyi. Miriam, mai duba motoci da kwamfuta, ita ka damƙa wa ƙwaƙwalwar. Duk ka iya ayyukan nan, amma sai ka zauna a kan tsohuwar kujerar mota kana faɗa wa kowa abin da zai yi da dalilinsa, in ya kuskure ka sa ya kwance ya sake. Na tsokane ka na ce ban taɓa ganin bakaniken da rigarsa ta fi ta limami fari ba. Ka ce, "In aikin a kaina kaɗai yake, ranar da na yi zazzaɓi motarka ma ta yi zazzaɓi ke nan."

Tun da aka kwance injin, duk ranar asibiti sai ka bar gareji ka zo da akori-kurarka ka ɗauki Inna. Tana zaune a gaba kuna hirar Zariya, ni ina baya tare da tayoyi. Ba ka taɓa nuna mana cewa mun katse maka aiki ba.

Bayan addu'ar uku iyalinka suka wuce gida Zariya da akori-kurar, ni kuma na nufi Gudu da niyyar neman mai sayen ƙarafa in sayar masa da motar. Sai na tarar da kawuna uku a ƙarƙashin bonet. Abraham ya ɗago ya ce, "Oga Nazir, kar ka damu. Malam ya nuna ma kowa nashi, mota ɗin zai tashi." Ba ta tashi nan da nan ba. Sun yi ta gardama har Ɗangoggo ya tuna ka ce a fitar da iskar da ke cikin bututun mai tukuna. Da aka yi haka Miriam ta murza makulli, injin ya amsa. Sai kowa ya juya ya kalli kujerarka.

Ranar Alhamis da ta wuce na ɗauko Inna daga asibiti a motar Baba. Da muka iso kwanar masu fasa dutse, inda motar ta saba mutuwa, sai na ga ta fara tattara mayafinta za ta sauka. Na ce ta dakata. Motar ta hau, ba tari ba hayaƙi, har ƙofar gida. Inna ba ta fita ba. Ta dafa gaban motar ta ce, "Ya Allah, yadda bawan nan naKa ya haye da ni tudun nan, Ka haye da shi siraɗi."

Amin, Malam. Na yi kewarka ƙwarai, amma hankalina ya kwanta, don na ga aikinka bai bi ka kabari ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka Hussaina da 'ya'yanka da dukkan mutanen gareji. Allah Ya ba su haƙuri, Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya rubuta maka ladan kowace tafiya da Inna za ta yi a motar nan. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani.